Za mu iya kai kamfanin bututun mai kotu tun kafin ɓarna ta auku?

Tambaya: Assalamu alaikum, Metir (lauya). Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoma da makiyaya a gundumar Mbere, kusa da Maiganga. Bututun man Chadi ya bi ta bayan gonakinmu, ya kuma ratsa rafin da mu da dabbobinmu muke sha. Alhamdu lillahi ba abin da ya taɓa faruwa a wajenmu, amma ƙarfe ne, kuma ya haura shekara 20 a cikin ƙasa. Mun ji an ce wasu manoman Najeriya sun kai kamfanin mai ƙara a Turai sun ci. Shin mu ma doka ta ba mu damar zuwa kotu mu sa a kiyaye ƙa'idojin tsaro, ko sai mai ya zuba? Wace kotu kuma? 'Yan uwanmu na ɓangaren Chadi ma suna son ji.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam magatakarda. Allah ya ƙara haɗa kan ƙungiyarku. Doka ta ba ku dama, sai dai damar kashi biyu ce, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. In ɓarna ta riga ta auku, dokar Kamaru tana bayanku fiye da yadda yawancin mutane ke zato. In kuma ba ta auku ba, tsoron aukuwarta kawai kuke yi, to hanyar ƙunci ce, alƙali ba zai saurare ku ba sai kun zo masa da abin da zai gani da ido. A duka biyun, takardar da kuka tara tun ana zaman lafiya ita ce za ta yi muku magana.

Ku fara sanin wanda za ku kira gaban alƙali. Tsawon bututun kilomita 1,070 ne, daga rijiyoyin man Doba a kudancin Chadi zuwa gaɓar teku a Kiribi, kusan kilomita 890 kuma a cikin Kamaru suke. Faɗin bakinsa inci 30, a binne yake, an fara tura mai a cikinsa a 2003. Tashoshin tura man uku ne: Kome a Chadi, Dompta a wajen Tuboro, sai Belabo a jihar Gabas. Ɓangaren Kamaru na kamfanin COTCO ne, mai hedkwata a Duwala, ɓangaren Chadi kuma na TOTCO. Masu hannun jari sun sha sauyawa. ExxonMobil da Petronas da Chevron ne ke riƙe da shi lokacin da aka gina shi. Chevron ta sayar wa Chadi nata kason a 2014. Exxon ta sayar wa Savannah Energy a Disamban 2022, gwamnatin Chadi ta ƙi yarda, ta mayar da kadarorin da ke ƙasarta mallakar gwamnati a Maris 2023, rigimar ta yi zafi har Chadi ta kira jakadanta gida daga Yawunde a watan Afrilu. Wannan rigimar manya ce, kada ta ɗauke muku hankali. A shari'a mai hannun jari daban, kamfani daban. Wanda ke riƙe da izinin tura mai ta ƙasar Kamaru shi ake tuhuma, ko wa ya saye shi.

Dokoki biyu aka sa wa hannu rana ɗaya, 5 ga Agusta 1996. Ta farko, mai lamba 96/14, ita ce ta tsara ratsawar man wata ƙasa ta bututu a cikin Kamaru, a kanta aka gina yarjejeniyar da ke tsakanin gwamnati da kamfanin. Ta biyu, mai lamba 96/12, ita ce babbar dokar muhalli. Sa ido a madadin gwamnati yana hannun wani kwamiti da ake kira CPSP, wanda ke zaune a ƙarƙashin kamfanin mai na ƙasa, SNH. A nan ina da magana. SNH ce ke riƙe da hannun jarin Kamaru a cikin kamfanin bututun, baitulmali kuma yana karɓar kuɗin ratsawa a kan kowace ganga: santi 41 na dala da farko, aka ɗaga shi zuwa dala 1.30 a 2013. Ban ce jami'an ba sa aikinsu ba. Amma mai sa ido da ke da rabo a cikin ribar abin da yake sa wa ido, duk ranar da aka ce a tsayar da mai don gyara, aljihunsa ma zai ji. Shi ya sa ake bukatar alƙali a gefe.

Za ku ji ana cewa yarjejeniyar ta rufe ƙofar kotunan gida, wai duk saɓani sai a kai shi gaban masu sasantawa a ƙasar waje. Ƙungiyar Amnesty ta soki waɗannan yarjejeniyoyi a wani rahoto a 2005, kuma sukar tana da tushe. To amma sharaɗin sasantawa yana ɗaure waɗanda suka sa hannu ne, wato gwamnati da kamfani. Manomin da mai ya kashe masa rogo bai sa hannu a komai ba, hakkinsa na zuwa kotun ƙasarsa yana nan.

Makaminku mafi kaifi shi ne sashe na 77 na dokar muhalli. Ga abin da ya sa. A ƙa'idar da muka gada daga Faransa, sashe na 1382 na dokar mu'amala, wanda ya ce an cuce shi sai ya tabbatar da abu uku: an yi kuskure, ya yi asara, kuma kuskuren ne ya jawo asarar. Na farkon shi ke karya talaka. Yaya makiyayi zai tabbatar da cewa an yi sakaci wajen duba tsatsa a ƙarfen da ke binne, alhali duk takardun gwajin suna ofishin wanda yake ƙara? Sashe na 77 ya ɗauke muku wannan nauyi. Ya ce duk mai jigilar mai ko amfani da shi, in aikinsa ya jawo illa ga jikin mutum ko dukiyarsa, kai tsaye ko a fakaice, zai biya ba tare da an tabbatar da cewa ya yi kuskure ba. Kamfani na iya kawo takardu cike da akwati yana nuna ya bi kowace ƙa'ida, alƙali ya ce masa madalla, amma manka ne ya zuba, sai ka biya.

Saura biyun suna wuyanku: asarar, da alaƙarta da man. Ku lura kuma da iyakar lafazin, jiki da dukiya ya ce. Saniya, gona, rijiya, tafkin kifi, ciwon fata, kuɗin asibiti, duk sun shiga. Rafin kansa, wanda ba na kowa ba ne kuma na kowa ne, mutum ɗaya ba zai nemi diyyarsa ta wannan sashe cikin sauƙi ba. Wannan aikin ƙungiya ne, zan zo kansa.

Sashen ya bar wa kamfani mafita biyu. In ya nuna cewa wanda ya yi asarar yana da hannu a abin da ya same shi, sai a raba nauyin. In kuma abin ya zo daga abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, wanda ba a iya hangowa ba a iya karewa, sai a wanke shi. Ku ja kunnen mutanenku tun yanzu. Wanda ya gina ɗaki a kan layin bututun, ko ya dasa mangwaro, ko ya haƙi yashi ko zinariya a gefensa, ko ya tumɓuke sandunan alama ya yi shinge da su, ya ba lauyan kamfani makami kyauta. Ruwan sama mai yawa a damina kuwa, a ganina, bai isa zama uzuri ba a Adamawa. Kowa ya san yadda zaizaya ke cin tudu a nan, wanda ya binne ƙarfe a tudun ya san da haka tun ranar farko.

Mafita ta uku ba a rubuta ta a sashen ba, amma ita za a fi jawowa: wai wani ne ya huda. A Najeriya kusan kowace shari'ar malalar mai a kan wannan ake fafatawa, kuma shari'ar da kuka ji labari ita ma haka ne. Manoma huɗu daga ƙauyukan Oruma da Goi da Ikot Ada Udo, tare da ƙungiyar kare muhalli ta Holand, Milieudefensie, suka shigar da ƙarar Shell a Holand a 2008. Kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Hague ta yanke hukunci ranar 29 ga Janairu 2021. Da dokar Najeriya ta yi aiki, ta ce kamfanin ne zai tabbatar da cewa huda aka yi, tabbatarwar da ba ta bar shakka ba, kuma a Oruma da Goi ya kasa. Abin da ya fi dacewa da tambayarku shi ne umarni na biyu da ta bayar: a sa na'urar gano yoyo a bututun Oruma cikin shekara guda, in ba haka ba a riƙa biyan tara kullum. Wato kotu ta tilasta aikin tsaro, ba diyya kaɗai ba. A Disamban 2022 aka daidaita a kan yuro miliyan 15. Ku ƙirga shekarun daga 2008. Wasu daga cikin manoman da suka fara ƙarar sun rasu kafin kuɗin ya fito, 'ya'yansu ne suka ƙarasa.

Yanzu hujja, inda nake so ku fi ba da ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da rafinku lafiya lau yake, yanzu ne lokacin ɗibar ruwansa a kai gwaji a ajiye sakamakon, ɗaya a rani ɗaya a damina. Ranar da aka ce ruwan ya gurɓata, tambayar farko da lauyan kamfani zai yi ita ce: wa ya ce da can ba haka yake ba? Zai kawo zancen masu wankin babur a bakin rafi, da maganin feshi, da masu wanke zinariya. Takardar gwajin bara ce kaɗai za ta rufe masa baki. Ku buɗe littafi kuma, kowane mamba a rubuta gonarsa, abin da ya shuka, buhun da yake samu, yawan shanunsa, tare da takardun rigakafin dabbobi. Na san makiyayi ba ya son a ƙirga masa shanu, amma wanda ya ce ya yi asarar 30 alhali ba takardar da ta taɓa nuna yana da 10, alƙali zai yi masa kallon mai neman banza.

In Allah ya ƙaddara mai ya ɓullo, abu na farko rai ne. A kori yara da dabbobi, kada a kunna wuta, kada kowa ya zo da jarka. Mutanen Jesse a Najeriya sun je ɗibar man da ya zuba daga bututu a Oktoban 1998, wuta ta tashi, sama da mutum 1,000 suka mutu. A sanar da kamfani, da sufurefe (shugaban mulkin ƙaramar hukuma), da jandarma, a rubuta ranar da ƙarfen da aka sanar da kowannensu, domin tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a rufe bututu shi kansa abin tuhuma ne. Sannan a ranar, ko washegari, a ɗauko wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai rantsuwa da ke zuwa ya rubuta abin da ya tarar. Hoton waya yana da amfani, amma takardar da wisiye ya rubuta a kan abin da ya gani da idonsa ta fi hoto ɗari nauyi a kotunanmu. A gabansa za a ɗebi ruwa da ƙasa a kwalaben gilas masu tsabta, a rufe, a like, a rubuta wuri da lokaci, a raba kashi uku: na gwaji, na kamfani in yana so, da na ajiya. Ku matsa a bar wakilinku ya tsaya lokacin da za a tone wurin. Guntun ƙarfen da aka yanke shi ne zai nuna ko tsatsa ce ta ci shi ko zarto, in aka tafi da shi ba wanda ya gani daga ɓangarenku, rabin shari'ar ya tafi.

Dabba kuma, al'adarmu ita ce in ta fara layi a sa mata wuƙa a sayar da naman. Kada a yi. Naman haɗari ne ga mai ci, kuma hujjar ce ake yankawa. A kira malamin dabbobi na gwamnati ya buɗe ta ya rubuta abin da ya gani, a tura samfur ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa, LANAVET, da ke Bokle kusa da Garwa. Mutumin da ya ji ciwo ya je asibiti a ranar, ya karɓi takardar likita. Amfanin gona malamin gona zai ƙiyasta, kuma zai ɗauko jadawalin farashi na 2003, dokar firaminista mai lamba 2003/418. An yi jadawalin ne don biyan wanda gwamnati ta karɓi gonarsa saboda aikin jama'a, farashinsa ya tsufa, kuma bai san da shekarun da ƙasa za ta yi ba ta ba da komai ba. Lauyanku ya nemi cikakkiyar asara. Rashin takardar mallakar fili ba ya hana ku, domin diyyar aikinku da shukarku kuke nema, shaidar jauro da maƙwabta ta isa nuna wa ke noma wurin.

Sai gargaɗi ɗaya da nake yi wa kowa. Za a zo da ambulan da takarda a ce a dangwala. Karɓar taimakon gaggawa ba laifi ba ne. Amma in takardar ta ce wannan shi ne cikakken biya kuma an yafe duk wata ƙara, to sulhu ne a idon doka, ƙarfinsa kamar na hukuncin kotu na ƙarshe. Kada yatsa ya taɓa tawada sai wanda kuka amince da shi ya karanta muku.

Mu koma kan ainihin tambayar, wato kafin ɓarna. A Amurka dokar tsaron bututu ta ba ɗan ƙasa dama a fili ya kai kamfani kotu don a tilasta masa bin ƙa'ida, bayan ya ba da sanarwar kwana 60. Mu ba mu da sashe irin wannan. Can ɗin ma ba a cika cin nasara da shi ba. Bayan bututun gas ya fashe a garin San Bruno kusa da San Francisco a Satumban 2010 ya kashe mutum 8, birnin San Francisco ya kai hukumar tarayya mai sa ido ƙara a 2012 don a tilasta mata yin aikinta, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2015 wannan sashe bai ba da damar hakan ba. Manyan umarnin gyara sun fi fitowa in gwamnati ce ta shigar da ƙarar. Misali bututun Enbridge da ya fashe a jihar Michigan a Yulin 2010, ya yi awa 17 kafin masu kula su gane yoyo ne. A 2016 aka daidaita a gaban kotu a kan dala miliyan 177, miliyan 110 daga ciki na ayyukan hana sake aukuwa ne.

A nan gida abin da ke hannunku shi ne alƙalin gaggawa, wato shugaban kotun matakin farko in ya zauna don abin da ba ya jira. Ba ya yanke wa ke da gaskiya a asalin rigima, amma yana iya naɗa ƙwararre ya je ya duba, yana iya ba da umarnin a ɗauki matakin kariya, ya ɗora tara a kan kowace ranar jinkiri. Sharaɗinsa haɗarin ya zama a fili kuma a kusa. In kun ce masa ƙarfe ya tsufa muna tsoro, zai sallame ku. In kun kawo takardar wisiye cewa zaizaya ta tone bututun yana a waje a bakin rafi, da kwafen wasiƙu biyu da kuka aika ba a amsa ba, ga damina ta ƙarato, to kun zo da magana. Shawarata kada ku fara da neman a tsayar da mai. Ba alƙalin da zai so ya rufe hanyar da tattalin arzikin Chadi ya rataya a kanta saboda ƙarar ƙauye guda, kamfani kuma zai ce wannan hurumin gwamnati ne. Ku nemi ƙaramin abu takamaimai: a naɗa ƙwararre, a binne wurin da ya tonu, a nuna wa ƙwararren sakamakon na'urar da ake turawa cikin bututu tana auna kaurin ƙarfe, da bayanin na'urar hana tsatsa, da nisan makullin tsayar da mai da ya fi kusa da rafinku. Rahoton ƙwararren kotu yakan sa a yi gyara tun kafin a kai ga hukunci, domin daga ranar ba wanda zai iya cewa bai sani ba.

Wasiƙun da na ambata suna da madogara. Sashe na 7 na dokar muhalli ya ce kowa yana da hakkin a sanar da shi illar ayyuka masu cutarwa da matakan da aka ɗauka don kare su. Gabatarwar tsarin mulkin 1996 ta ba kowa hakkin muhalli mai lafiya, sashe na 65 kuma ya ce gabatarwar ɓangare ce ta tsarin mulkin. Ku rubuta wa kamfani, kwafe ga furefe (shugaban mulkin gunduma) da wakilin ma'aikatar muhalli, ku tambayi shirin da aka yi wa rafinku in mai ya zuba, da lambar da za a kira da dare. Ku karɓi hatimin an karɓa a kan kwafenku.

In gwamnati ce kuke ganin ta yi shiru a inda doka ta wajabta mata motsi, wannan na kotun harkokin mulki ne, akwai ta a Ngaundare da Garwa da Marwa. Dokar 2006/022 ta ce sai an fara rubuta wa hukumar koke. Shirun wata 3 daidai yake da ƙi, daga nan kuna da kwana 60 ku shigar da ƙara. In diyya kuke nema daga gwamnati, koken ya shiga cikin wata 6 daga aukuwar asarar ko saninta. Ƙararraki da yawa a kan waɗannan ranaku suke mutuwa, ba a ko buɗe zancen ba.

Sai hanyar laifi. Sashe na 82 ya tanadi tarar sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5, da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 1, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya gurɓata ƙasa ko ruwa ko iska. Ga kamfanin mai wannan tara ba ta kai kuɗin tayar motocinsa ba. Bugu da ƙari dokar ta ba ma'aikatar muhalli ikon yin sulhu da mai laifi ya biya kuɗi kafin a kai kotu, kuma yawanci a nan zancen ke tsayawa. Duk da haka hanyar tana da amfani biyu. Mai binciken kotu yana da ikon karɓo takardun da ku ba za ku taɓa gani ba. Kuma tun dokar laifuka ta 2016 ana iya hukunta kamfani kansa. Kotun Eseka ta samu kamfanin jirgin ƙasa Camrail da laifi a Satumban 2018 a kan haɗarin Oktoban 2016 da ya kashe mutum 79 a ƙidayar hukuma. Laifi irin na sashe na 82 ba a iya tuhumarsa in shekara 3 ta wuce, a kula.

A nan ne ƙungiyarku ke da matsayi. Sashe na 8 ya ba al'ummomin ƙauye da ƙungiyoyin da aka amince da su damar shiga shari'a a matsayin waɗanda aka cuta, in an karya dokar muhalli kuma abin ya taɓa maslahar jama'a da suke karewa. Ta nan ake magana da sunan rafi da makiyaya. Amma takardar rajistar da kuka karɓa a ofishin furefe daban take da amincewar ma'aikatar muhalli. Ku duba kundin ƙungiyarku, in babu kare muhalli a cikin manufofinta ku ƙara, ku nemi amincewar tun yanzu. Lamido da jauro suna da hurumi a sashe na 93 kan rigimar ruwa da wuraren kiwo tsakanin jama'a, suna da amfani wajen haɗa kai da ba da shaida, amma fada ba za ta iya tilasta wa kamfani komai ba.

Wace kotu? Diyyar da ba ta wuce sefa miliyan 10 ba ta kotun matakin farko ce, abin da ya haura na babbar kotu. Ku na Mbere kotunanku suna Maiganga, ɗaukaka ƙara a Ngaundare. Mutanen Tuboro nasu na gundumar Mayo-Rey ne, ɗaukaka ƙara a Garwa. Laifi ana shari'arsa inda ya auku. A ƙarar diyya zalla kamfani na iya cewa a bi shi Duwala, lauyanku ya shirya wa wannan. Kuɗin ajiya da ake biya wajen shigar da ƙara yana hawa da yawan abin da aka nema, don haka rubuta biliyan don huce haushi kanku zai fara ci. Dokar 2009/004 ta tanadi taimakon shari'a ga marasa hali, ku nema.

Turai fa? Kotun ƙolin Birtaniya ta buɗe hanya a shari'ar Vedanta a 2019 da ta Okpabi a 2021, cewa ana iya tuhumar uwar kamfani a kan ɓarnar reshenta a Afirka. Sharaɗin shi ne a samu uwar kamfani a can wadda ke da hannu a tafiyar da aikin. Yadda mallakar bututunmu ta karkata zuwa gwamnatoci, wannan hanya ta ƙara tsukewa. Kotun ECOWAS ba tamu ba ce, Kamaru da Chadi ba mambobi ba ne. Hukumar kare hakkin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul tana karɓar koke a kan gwamnati, ita ce ta yanke na mutanen Ogoni na Najeriya a 2001, amma sai an gama da kotunan gida. Bankin Duniya, wanda ya sa kuɗi a aikin bututun kuma mutane suka kai wa koke a 2001 da 2002, ya fita daga aikin ɓangaren Chadi tun Satumban 2008.

Ga 'yan uwanmu na Chadi, babbar dokar muhallinsu ita ce 14/PR/98 ta 17 ga Agusta 1998, tsarin kotunansu kuma ɗan uwan namu ne, duk abin da na faɗa kan wisiye da samfur da dangwale ya shafe su. Tarihi ya nuna gwamnatinsu tana iya buga tebur in ta ga dama. A Agustan 2013 ta dakatar da kamfanin Sin, CNPC, saboda zubar da ɗanyen mai a ramuka a Kudalwa. A 2014 ta ci shi tarar dala biliyan 1.2, ta janye masa izinin bincike guda 5, daga bisani aka daidaita a kan dala miliyan 400 a watan Oktoba. Sulhu ne tsakanin gwamnati da kamfani, mutanen ƙauye ba sa cikin masu sa hannu. Wanda bai shigar da tasa ƙarar da sunansa ba kada ya zauna jiran rabo daga irin wannan tara. A Badila kuma, inda tafkin gurɓataccen ruwan rijiyoyin mai ya ɓalle a Satumban 2018 ya shiga kogin Nya Pende, ƙungiyoyin da ke tsaya wa mutanen sun kai kokensu kan Glencore, kamfanin da ke haƙar man wurin a lokacin, gaban wani ofishin gwamnatin Birtaniya a 2020, aka karɓa a 2021. Wannan ofishi yana bincike ya faɗi ra'ayinsa, ba ya tilasta biya.

Abu ɗaya ya haɗa ku da su kai tsaye. Kogin Mbere daga wajenku yake gangarawa, ya haɗu da Vina su zama Logon, ya bi ta Mundu har Njamena da Kuseri. In mai ya shiga ruwa a ɓangaren Kamaru, masuntan Chadi za su gan shi, kuma wanda za su tuhuma kamfanin ɓangaren Kamaru ne. Suna iya ƙara a kotunsu, amma hukuncin sai an sake kawo shi gaban alƙalin Kamaru ya ba da izinin zartarwa kafin a taɓa dukiyar kamfanin a nan. Ya fi sauƙi su shigo cikin ƙararku. Don haka ƙungiyoyin biyu su yi musayar lambobi, su amince a kan wuraren ɗibar ruwa sama da ƙasa da mararrabar bututun, kuma in za a ɗiba a ɗiba rana ɗaya, kowane ɓangare da wisiyensa.